Ba Kowane Hali Ne Zanen Dutse Ba

Ƙannena, ina SS2 na sha faɗuwa a lissafi, har na riƙa cewa "haka ƙwaƙwalwata take." Sai bana, a darasin kwamfuta a jami'a, na gane inda matsalar take.

Abu uku ke tafiyar da kwamfuta. Akwai hadwaya, wato gangar jikinta: allo, madannai da ma'ajiya. Akwai famwaya, ɗan umarnin da kamfani ya dasa a cikinta, kamar BIOS, wanda ke fara aiki da zarar an kunna. Sai manhaja, irin su Word, da za ka iya sakawa ko gogewa.

Mu ma kusan haka muke. Tsayinka da kamanninka hadwaya ne, gadonsu ka yi. Tarbiyyar gida ita ce famwaya: harshen uwa, gaisuwa, kunya, duk suna aiki tun kafin ka yi tunani. Ana iya gyara ta, amma sai a hankali. Manhaja kuwa zaɓinka ne na kullum: abokai, lokacin barci, awa nawa a TikTok.

Tawa matsalar ta manhaja ce, domin aikin gida kwafa nake yi. Da na shiga SS3 na fara warware tambayoyi 5 kullum bayan Asuba, kuma na ci kiredit a WAEC.

Masana sun ce gaban ƙwaƙwalwa, mai tsara shawara, yana ci gaba da girma har wajen shekara 25. Kwamfuta ba ta zaɓar manhajarta, kai kana zaɓa. Wace ɗabi'a za ka goge a wannan zangon?