Ra'ayinmu: Kati ko manhaja, wa ya fi fito da hoton DVD a kwamfuta?

Lokacin da faifan DVD ya shiga kasuwar Japan a 1996, sannan Amurka a 1997, yawancin kwamfutocin gida ba su da ƙarfin nuna shi. Hoton faifan a matse yake da tsarin MPEG-2, kuma dole a warware hotuna 25 ko kusan 30 a kowace daƙiƙa ba tare da tsaiko ba. Nan aka rabu gida biyu. Wasu suka sayi kati na musamman suka soka a cikin kwamfuta, kamar Hollywood Plus na kamfanin Sigma Designs ko Dxr2 da Dxr3 na Creative. Wasu kuma suka dogara da manhaja irin PowerDVD da WinDVD, suka bar wa ƙwaƙwalwar kwamfutar aikin duka.

Masu kati suna da hujja mai ƙarfi. A tsohuwar kwamfuta, manhaja takan zubar da hotuna don ta cim ma sauti, sai motsi ya riƙa tsinkewa, musamman a wurin gudu ko faɗa. Katin bai san wannan ba, domin aikin da aka ƙera shi dominsa ke nan. Idan kuma aka jona shi da talabijin, hoton da yake fitarwa ya kusa kamo na na'urar DVD ta falo.

Sai dai akwai aibin da masu tallar katin ba su cika ambata ba. Hoton kwamfutar yakan fita daga katin nuni, ya bi wata gajeriyar waya ya shiga katin DVD, a can a liƙa fim ɗin a kansa, kafin ya isa allo. Wannan zagayen yana rage kaifin hoto. Har rubutun da ke kan allo yakan yi dishi-dishi, ko da ba fim ake kallo ba. Mutum ya biya kuɗi don gyara kallon sa'a biyu, ya ɓata wa kansa aikin yini guda. Manhaja ba ta bin wannan hanya, shi ya sa da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kai ƙarfin Pentium II mai saurin megahaz 400 ko makamancin haka, hotonta a allo ya fi fitowa garau. Daga baya katunan nuni irin Rage 128 na ATI suka karɓi wani ɓangare na warwarewar, iyakar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta fara gushewa.

Abin da muke ganin an fi yin sakaci da shi a muhawarar shi ne cewa warware MPEG-2 yana da ƙa'ida, kuma duk wanda ya bi ta zai fitar da kusan hoto ɗaya. Bambancin yana zuwa ne bayan nan: yadda ake faɗaɗa hoto mai ɗigo 720 sau 576 ya cika allo, yadda ake daidaita launi, da yadda ake haɗe layuka. Kyamarar bidiyo ta wancan zamani takan ɗauki hoto rabi-rabi, layuka masu mara daban, masu cika daban, don tsohon talabijin. Allon kwamfuta kuwa gaba ɗaya yake nunawa, sai gefen duk abin da ke motsi ya fito kamar haƙoran mataji. Duk mai tsohon faifan DVD na biki ko na wa'azi da aka ɗauka da irin wannan kyamara ya san abin da muke nufi.

Hukuncinmu: a talabijin da kuma kwamfuta marar ƙarfi, kati ya yi nasara a zamaninsa, kuma ya cancanci kuɗinsa. A allon kwamfuta kuwa, manhaja ce ta fi, domin ana iya sabunta ta a gyara kurakuranta, kati kuma yadda aka ƙera shi haka zai tsufa. Mai kallon tsofaffin faya-fayansa a yau ba ya bukatar sayen kati ko manhaja. Ya buɗe su da manhajar VLC, wadda kyauta ce, ya kunna tsarin haɗe layuka, ya zaɓi nau'in da ake kira Yadif.