Manohar Aich: Gajeren Da Ya Gina Jiki Da Shinkafa Da Kifi

Yau za mu tuna da wani dattijo ɗan ƙasar Indiya mai suna Manohar Aich, wanda ya rasu a birnin Kalkata ranar 5 ga Yuni, 2016, yana da shekara 104. Idan kana da ɗa ko ƙane da ya fara zuwa gidan ɗaga ƙarfe, yana yawan duba damtsensa a madubi, to labarin wannan tsoho ya shafe ka.

An haifi Aich a shekarar 1912 a yankin Komila, wanda yanzu yake cikin ƙasar Bangaladesh. Gajere ne ƙwarai, tsawonsa ƙafa 4 da inci 11, wato kusan mita ɗaya da rabi. Wannan ne ya sa aka laƙaba masa suna “Hakulis na aljihu”, ana kwatanta shi da wani ƙaƙƙarfan jarumi na tatsuniyoyin Girkawa.

A 1942, lokacin Turawan Ingila na mulkin Indiya, ya shiga rundunar sojan sama ta Birtaniya. Daga baya ya samu saɓani da wani hafsa Bature, aka jefa shi kurkuku. A can gidan yarin ne ya duƙufa da motsa jiki, yana shafe sa'o'i masu yawa kullum, galibi da nauyin jikinsa kawai, domin babu wasu na'urori. Bayan Indiya ta samu 'yanci a 1947 aka sake shi. A 1951 ya tafi Landan gasar masu gina jiki ta duniya da ake kira Mista Yunibas, ya zo na biyu. Bai koma gida ba, ya zauna ya ƙara shiri, a 1952 ya lashe kambun a rukunin gajeru. Lokacin yana da shekara 40.

Duk da wannan suna da ya yi, bai zama attajiri ba. Ya koma Kalkata ya ci gaba da wasannin nuna ƙarfi da horar da matasan unguwa a gidan motsa jiki, kuma bai daina hawa dandali ba har ya doshi shekara 90. Sai da ya kai 99 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya raba shi da manyan ƙarafa. Da ya cika shekara 100 'yan jarida suka yi masa cincirindo suna tambayar sirrinsa. Abin da ya lissafa musu kuwa ba baƙo ba ne a gidanka: shinkafa, kifi, madara, ganyaye, 'ya'yan itace da wani nau'in wake da Indiyawa ke miya da shi. Ba ya shan taba, ba ya shan giya, kuma ba ya bari damuwa ta zauna masa a zuciya.

Ka lura da shekarar nan ta 1952. Ƙwayar nan mai suna Dianabol, wadda ta buɗe ƙofar amfani da magungunan kumbura tsoka a tsakanin masu ɗaga ƙarfe, ba ta shiga kasuwar Amurka ba sai a 1958. Wato Aich ya ci gasarsa kafin wannan annoba ta bazu. Waɗannan magunguna, da likitoci ke kira sitiroyid, kwaikwayon sinadarin mazakuta ne da jikin namiji ke samarwa da kansa. Suna sa tsoka ta kumbura cikin 'yan watanni, shi ya sa matasa ke ruɗuwa da su.

Sai dai bashi ne jiki ke ci, kuma da ruwa yake biya. Zuciya ita ma tsoka ce, don haka takan yi kauri ta sandare, hawan jini ya shigo, kitse mara kyau ya taru a jijiyoyi. Ƙwayoyin da ake haɗiya suna lalata hanta. Da jiki ya ga sinadarin ya yi yawa daga waje, sai ya daina samar da nasa, 'ya'yan maraina su motse, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani ma har nono ya fito masa. Yaron da bai gama girma ba kuwa, ƙashinsa na iya tsayawa ya rasa tsawon da ya kamata ya kai. Ga kuma haɗarin yin amfani da allura ɗaya tsakanin abokai, wadda ke yaɗa ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Andreas Münzer, shahararren mai gina jiki ɗan ƙasar Ostiriya, ya mutu a 1996 yana da shekara 31, bayan hantarsa da ƙodarsa sun gaza. Ka ɗora 31 kusa da 104 ka gani.

Akwai wani kuskuren da ya fi yawa a unguwanninmu, daga Agege zuwa Sabon Ibadan. Matashi zai shiga kemis ya sayi deksametason, irin wanda ake haɗawa a maganin ƙiba na “sha ka fashe”, yana zaton ƙwanji zai yi. Wannan wani rukunin magani ne daban. Ruwa da kitse yake tarawa a fuska da ciki, yayin da yake zaizaye tsokar hannu da cinya, ya raunana ƙashi, ya tayar da sukari. Wanda ya daɗe yana sha kuma bai kamata ya yanke lokaci ɗaya ba, domin hakan ma haɗari ne. A kai shi wurin likita a rage masa a hankali.

To mene ne abin yi a gida? Da farko kada ka hana yaro motsa jiki, domin alheri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su yi aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu ko fiye. Abin da ya rage gare ka shi ne sa ido. Idan ka ga jikinsa ya kumbura cikin wata biyu ko uku, ƙuraje sun feso masa a baya da ƙirji, ya zama mai saurin fushi, ko ka tsinci kwalabe da sirinji a ɗakinsa, zaunar da shi ku yi magana cikin natsuwa, sannan ku je asibiti a duba jininsa da hantarsa. Tsawa da duka ɓoyewa kawai za su koya masa.

Uwargida, ke ma kina da rawar takawa, domin abin gina tsoka yana cikin tukunyarki. Wake, ƙosai, alala, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai da kifi duk suna ɗauke da sinadarin gina jiki. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Idan aka haɗa da isasshen barci, yaro ba ya buƙatar garin gwangwani mai tsada, balle allura.

Kai ma maigida, kada ka ce shekaru sun ja. Tun daga shekara 30 tsoka ke fara raguwa a hankali, kuma wannan raguwar ce ke sa tsoho ya kasa tashi daga tabarma ko ya riƙa faɗuwa. Tashi da zama daga kujera sau goma, tura bango da hannu, da ɗaga galan ɗin ruwa, duk sun isa mafari. Idan kana da hawan jini ko ciwon zuciya, ka fara jin ta bakin likitanka.

Tsawon rai na Allah ne, babu atisayen da zai ba mutum tabbacin shekara 100. Amma Aich ya kwashe shekaru fiye da 60 yana cin moriyar jikin da ya gina sannu a hankali, kuma sannu ba ta hana zuwa. Idan yaronka ya dawo daga ɗaga ƙarfe yau, ka ba shi labarin wannan gajeren tsoho, sannan ka tambaye shi me abokansa ke sha.