Fensir, Taswira da Famfon Tuƙa-tuƙa: Darasin Likita Snow ga Ɗalibin Kimiyya

Idan aka ce ɗalibin sakandare ya lissafa abubuwan da aka ƙago a zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, nan da nan zai ambaci jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a Landan a 1863, da wayar aika saƙo da aka shimfiɗa a cikin tekun Atlantika a 1866, da tarhon da Alexander Graham Bell ya fito da shi a 1876. Duka waɗannan sun cancanci yabo. Amma akwai wani aiki na wannan zamanin da aka yi da fensir da takarda da tafiyar ƙafa, wanda ya kamata malamai su fifita shi a aji, domin shi ne ke nuna wa ɗalibi yadda ake yin kimiyya. Wannan aiki kuwa shi ne binciken likita John Snow a kan kwalara, wato cutar amai da gudawa.

A wancan lokaci yawancin likitocin Ingila sun yi imani cewa ɗoyi da gurɓatacciyar iska ne ke kawo kwalara. A kan wannan fahimta, a wajajen 1848 hukumomin Landan suka sa aka riƙa rufe shaddojin gidaje, ana kora ƙazantar ta lambatu zuwa kogin Temis, don a rabu da wari. Abin takaici, daga wannan kogi jama'a da dama ke samun ruwan sha. Annobar 1848 zuwa 1849 ta kashe fiye da mutum 14,000 a birnin. A 1849 Snow ya wallafa ra'ayinsa cewa tun da cutar hanji take kamawa, to ta baki take shiga, kuma ruwan da ya gauraya da bayan gidan marar lafiya ne ke yaɗa ta. 'Yan kaɗan ne suka saurare shi.

A ƙarshen watan Agusta na 1854 cutar ta ɓarke a unguwar Soho, kuma cikin kwana goma ta hallaka mutum kusan 500. Snow ya karɓi jerin sunayen mamata, ya bi gida gida yana tambayar inda kowannensu yake ɗebo ruwa. Sai ya ga mace-macen sun taru a kewayen wani famfon tuƙa-tuƙa da ke titin Broad. Daga baya ya zana taswirar unguwar, ya sa alama a kan kowane gida da aka yi rashi, yadda kowa zai gani da idonsa.

Hikimar Snow ta fi fitowa wajen bin diddigin abubuwan da suke kamar za su rushe ra'ayinsa. Akwai gidan gajiyayyu kusa da famfon mai ɗauke da mutum 535, amma biyar kaɗai suka mutu. Da ya bincika sai ya tarar suna da rijiyarsu. Ma'aikatan wata masana'antar giya da ke kan titin su ma sun tsira, domin ba su shan ruwan famfon. Sannan ga wata mata da ta mutu a Hampstead, nesa da Soho. Ashe ta taɓa zama a unguwar, tana son ɗanɗanon ruwan famfon, shi ya sa kullum ake kai mata shi a kwalba. Ranar 8 ga Satumba hukumar unguwar ta cire hannun famfon bisa shawararsa. Wani limamin coci mai suna Henry Whitehead, wanda da farko ya tashi ƙaryata Snow, shi ne ya gano mafarin abin: an wanke tsummokaran wata jaririya marar lafiya, aka zuba ruwan a shaddar da ke daf da rijiyar famfon. Da ma an ce ruwa ba ya tsami banza.

Snow ya ƙara da wata hujja ta lissafi. A kudancin Landan kamfanoni biyu ne ke sayar da ruwa, sau da yawa a layi ɗaya, ga mutane masu shaƙar iska ɗaya. Kamfanin Lambeth ya koma ɗebo ruwansa daga saman kogi, inda ƙazantar birni ba ta kai ba, shi kuwa na Southwark da Vauxhall yana ɗiba a cikin gari. A makonni bakwai na farkon annobar 1854, cikin kowane gida 10,000 masu shan ruwan Southwark da Vauxhall an yi rashi 315, amma a ɓangaren Lambeth 37 ne kacal.

Mai musu yana da abin faɗa, kuma wajibi ne a saurare shi. Annobar Soho ta riga ta fara lafawa kafin a cire hannun famfon, domin jama'a sun gudu, kuma Snow da kansa ya amince da haka. Hukumomi ba su gamsu ba, aka mayar da hannun. Snow ya rasu a 1858 ra'ayinsa bai samu karɓuwa ba. Manyan magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya gina, waɗanda suka kawar da ƙazanta daga tsakiyar Landan, warin da kogin Temis ya yi a bazarar 1858 ne ya tilasta wa majalisar dokoki amincewa da su. Ashe ke nan bulo da kuɗi ne suka ceci Landan?

Amsar tana cikin abin da ya faru a 1848, lokacin da aka kashe kuɗi aka yi aiki bisa kuskuren fahimta, aikin ya ƙara wa wutar mai. Tana kuma cikin annobar 1866, wadda ta kashe fiye da mutum 5,000, akasarinsu a gabashin Landan. William Farr, masanin ƙididdiga wanda da yake goyon bayan ra'ayin gurɓatacciyar iska, ya bi hanyar Snow, ya gano cewa ruwan wani kamfani ne tushen bala'in. Daga ita ba a sake yin annobar kwalara a Landan ba. Ƙwayar cutar kanta, wadda Filippo Pacini ya hango da madubin likita a Italiya tun 1854, sai a 1884 Robert Koch na Jamus ya gamsar da duniya a kanta. Wato Snow ya gano hanyar da cutar ke bi shekara talatin kafin a yarda da abin da ke haddasa ta.

Wannan batu bai tsaya a tarihin Ingila ba. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, kuma hanyar da take bi ba ta canza ba: shadda kusa da rijiya, ko ambaliyar damina da ta wanko ƙazanta cikin ruwan sha. Ɗalibin da ya haddace sunan ƙwayar cutar don cin jarrabawa, amma bai taɓa lura da tazarar da ke tsakanin rijiya da shaddar gidansu ba, bai ci moriyar darasin ba tukuna.

Sau da yawa malamai kan koka da rashin ɗakin gwaje-gwaje, kuma kukansu yana kan hanya. Haƙƙi ne a kan hukumomin ilimi su wadata makarantu da kayan aiki. Sai dai kafin kayan su iso, akwai abin da za a iya yi. Malamin ilimin halittu na iya raba aji gida huɗu, kowane rukuni ya zana taswirar wata unguwa, ya sa alamar rijiyoyi da famfuna da lambatu da juji, ya auna tazarar da ke tsakaninsu da taku. Daga nan sai a tattauna a aji: wace rijiya ce ke cikin haɗari, kuma wace shaida ce za ta iya nuna cewa hasashen ɗaliban kuskure ne? Tambaya ta biyu ita ce mafi muhimmanci, domin ita ce Snow ya yi wa kansa a ƙofar gidan gajiyayyu. Kayan da wannan darasi yake bukata ba su wuce fensir da takarda ba, sai kuma malamin da zai yarda ya fita da ɗalibansa waje.