Sharhi: Wa Zai Horar da Shugabannin Gobe a Kokoro?



Duk wanda ya san kasuwancin Hausawa a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, daga Kokoro har kasuwar Mamadou-Mbaïki, ya san yadda yaron shago ke zama maigida. Shekara da shekaru yana gaban ubangidansa, yana kallon yadda ake bin bashi ba tare da cin mutunci ba, da yadda ake kashe rigima tsakanin dillali da baƙo. In ya yi kuskure, bayan Magariba a ja shi gefe a gyara masa, ba a gaban jama'a ba. Sai an gamsu da hankalinsa ake sallamarsa da jari. Daga cikin irin waɗannan ne ake samun shugaban kasuwa da mai unguwa.

Rikicin da ya ɓarke a Bangui ranar 5 ga Disamba 2013 ya katse wannan tarbiyya. A 2014 dattawa da manyan 'yan kasuwa da yawa suka yi hijira zuwa Cadi da Kamaru, ragamar unguwa ta faɗa hannun matasa 'yan sa-kai. Ƙarfin hali kam suna da shi, amma ba su da mai ce musu kul. Da sunan tsaro suka fara, suka koma karɓar kuɗi a hannun masu shaguna, har tura ta kai bango a Disamba 2019, 'yan kasuwa suka yi fito-na-fito da su, aka yi asarar rayuka da dama.

Yanzu abin da ake yayi shi ne taron bita: kwana uku a otel, kuɗin zama, takardar shaida, kowa ya watse. Ba laifi, ana ƙaruwa. Sai dai wa zai zauna da matashin da ya halarci taron bayan wata shida, ranar da aka kawo masa ƙarar ɗan'uwansa, ya tambaye shi yadda zai yanke? Wannan aikin ubangida ne, kuma ba ya buƙatar tallafin kowace ƙungiya.

Don haka, limamai, masu unguwanni da shugabannin kasuwa, kowannenku ya ɗauki matashi ɗaya ko biyu, har da 'yan mata. Ku tafi da su zaman sulhu, ku bar su su yi magana, in an tashi ku faɗa musu inda suka yi daidai da inda suka kauce. Ku fara tun wannan Juma'ar.

Wassalam.