WAI DON MUN SHIGA TEKU?

 Yau kam sai ku yi haƙuri da ni, domin ba labarin soyayya na kawo muku ba, faɗa na zo yi, kuma duk wadda ta tsargu to da ita nake.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata magana da aka yaɓa mini a gidan suna, mako biyu da dawowarmu daga Zanzibar. Ina shiga tsakar gida na durƙusa ina gaida manya, sai wata Hajiya ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "A'a, ashe 'yan wankan teku ne suka iso? To Allah ya shirya mana zuri'a." Nan take wasu suka kwashe da dariya har da tafawa. Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Ban tanka ba, domin sa'ar mahaifiyata ce, tarbiyyar gidanmu kuwa ba ta ba ni damar mayar wa babba magana ba. Na ce, "Amin Hajiya," na haɗiye sauran. To abin da na haɗiye ran nan shi zan amayar yau a takarda, domin na san ba ita kaɗai ke da wannan tunani ba.

Mu huɗu ne, ƙawayen juna tun muna sakandare. Shekara uku cur muna zuba adashi, babu wadda ta ci bashi, babu wadda ta sayar da ɗan kunnenta. Uku muka tafi da mazajenmu, ɗaya da yayanta. Muka bi ta Addis Ababa muka sauka Zanzibar, wasu tsibirai ne a cikin Tekun Indiya, gefen ƙasar Tanzaniya, waɗanda suka haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami ƙasa guda. Manyan biyu ne, Unguja da Pemba, sai ƙanana barkatai kewaye da su. Mutanen wurin kusan dukkansu Musulmi ne. Kiran salla ke tashinki da asuba kamar kina Fagge, matansu kuwa da lulluɓinsu da baƙaƙen abayoyinsu. A ƙauyen Kizimkazi akwai masallacin da rubutun jikin bangonsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Kanumfarin nan da muke jefawa a shayi da kunun zaƙi, su ma can manomansa ne, musamman a Pemba. Wannan ita ce ƙasar da ake zaton mun je zubar da mutunci.

Yawon da muka yi kuwa daga tsibiri ne zuwa tsibiri, cikin jirgin katako mai inji. Ranar farko muka tashi daga tsohon birnin da ake kira Stone Town zuwa Changuu, tafiyar kamar rabin awa. A wajajen 1893 aka gina kurkuku a wurin, amma ba a taɓa ɗaure kowa a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin keɓe matafiya saboda cutar shawara. Can muka ga kunkuru, ke dai bari, wani ya fi babbar tukunyar biki girma. Asalinsu guda huɗu ne da gwamnan Seshel ya aiko kyauta a 1919. Daga nan muka wuce Nakupenda, wani tudun farin yashi a tsakiyar ruwa, babu bishiya babu gida. Muka ci gasasshen kifi muka yi sallar azahar a kansa, mai jirgi yana ta hanzarta mu, domin ruwan teku janyewa yake yi ya dawo sau biyu a kowace rana, in ya dawo kuwa tudun nan ɓacewa yake yi kamar ba a taɓa yinsa ba.

Rana ta uku aka kai mu kusa da tsibirin Mnemba, a nan ne muka aikata babban laifin da ake jifanmu da shi. Ga yadda abin yake, don kada a ƙara miki gishiri. Za a ɗaura miki rigar nan mai hana nutsewa. A ba ki gilashi mai roba ya rufe idanu da hanci. A ba ki bututu, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, ki cije bakinsa, ɗaya ƙarshen yana sama da ruwa. A sa miki takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Sai ki kwanta rub da ciki a saman ruwa, fuskarki a ciki, kina numfashi ta baki, kina kallon ƙasa. Ba nutso ake yi ba. In ruwa ya shiga bututun, ki hura da ƙarfi ya fita. Shi ke nan.

Ni da ko rafin garinmu ban taɓa shiga ba, sai da na karanta duk addu'ar da na sani, ina riƙe da tsanin jirgi jikina na ɓari, ƙawayena na yi mini tsiya. Da ƙyar na saki. Ina tsoma fuskata na manta da tsoro. 'Yar uwa, gani ya kori ji. Gari guda ne a ƙarƙashin ruwan nan, da lungunansa da mazaunansa. Kifi shuɗi, kifi rawaya, mai zane kamar atamfa, garke guda su juya lokaci ɗaya kamar an ba su umarni. Akwai wani mai baki irin na aku da ke gatsar dutsen murjani, kina jin ƙarar cizonsa a cikin ruwa, ya niƙe shi a cikinsa ya fitar da yashi, har ma wani ɓangare na farin yashin bakin teku aikinsa ne. Shi kansa murjanin da nake zaton dutse ne, ashe halitta ce mai rai, wasu mitsi-mitsin dabbobi ne ke gina shi a hankali, shekara da shekaru. Shi ya sa aka gargaɗe mu kada mu taɓa, kada mu taka. In ruwa ya yi zafi fiye da kima sai ya yi fari fat ya mutu, kamar yadda ya faru a wannan teku a 1998. Jan murjanin da kakanninmu ke ɗaurawa a wuya dangin wannan ne, ko da yake irinsa daban. Tun ina yarinya nake karanta Suratur Rahman inda aka ambaci lu'ulu'u da murjani, amma sai ranar na ga gidan da suke fitowa. Na ɗago kai ina tasbihi, hawaye cike da gilashina.

To yanzu Hajiya, da ke da masu tafa miki, ina laifin yake?

In kun ce tsiraici ne, to ku sani da sutura muka shiga da sutura muka fito. Dogon wando har idon sawu, riga mai dogon hannu har gwiwa, da hular da ta rufe kai da wuya. Wallahi wata ɗinkin da ake sawa a je kamu ko dina a garin nan, kafaɗa a waje, mayafi kamar tankaɗe, ba za ta iya tsayawa kusa da kayan da muka sa ba. Ita ba a ce Allah ya shirya ba, liƙi ma ake yi mata. Gaskiya ne akwai Turawa masu yawo kusan tsirara a bakin ruwa, mun gan su mun kau da kai, kamar yadda kowacce ke kau da kai daga abin da ba ta so a wayar hannunta.

In kun ce addini ne ya hana mace hawa teku, to ku koma Islamiyya ku tambayi malama labarin Ummu Haram 'yar Milhan. Sahabiya ce. Da ta ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin wasu daga al'ummarsa da za su hau teku saboda Allah, da bakinta ta roƙi ya yi mata addu'a ta kasance cikinsu, ya kuwa yi mata. A zamanin Sayyidina Usman ta hau jirgi tare da mijinta Ubada ɗan Samit har tsibirin Ƙubrus, can ta rasu. Na san tafiyarta ta jihadi ce, tamu ta buɗe ido ce, ban haɗa kaina da ita ba. Amma dai ba a ce mata ke mace ce, teku ba taki ba ce. Sannan an ruwaito Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo. Mu kuwa ɗa namiji ya tafi kududdufi ya koya, 'ya mace in ta leƙa a zane ta.

A nan ne maganar ta daina zama ta yawon shaƙatawa, ta zama ta rai da mutuwa. A Nungwi, can arewacin Unguja, akwai wata ƙungiya mai suna Panje da ke koya wa mata da 'yan mata iyo, cikin cikakkiyar sutura, suna rungume da jarkokin roba don su taso. Su ma da haka suke, ruwa kewaye da su amma an ce mace ba ta shiga. Sun ga abin da ruwa ke yi. A watan Satumba na 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, ɗaruruwan mutane suka halaka. Mu fa? Ko mun manta da Bagwai? Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. A watan Yuni na 2023 a yankin Patigi ta Jihar Kwara, fiye da mutum 100 ruwa ya ci, daga wurin biki suke dawowa. Sau da yawa in an karanta irin wannan labari a rediyo, ki saurara da kyau, za ki ji an ce akasarinsu mata ne da ƙananan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a faɗin duniya a 2021 kaɗai.

Za a ce ai ajali ne, ai ko gwani ma ruwa na cinsa. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amma da wannan imanin muke kai yaro asibiti, da shi muke kulle ƙofa da dare. Ban ce iyo kaɗai zai hana jirgi kifewa ba, akwai lodin da ya wuce kima, akwai tafiyar dare, akwai rashin rigar hana nutsewa, waɗannan kuwa hukuma ce za ta amsa. Abin da na gani da idona shi ne, ni da ban iya komai ba, rigar nan ta riƙe ni a saman ruwan da ƙafata ba ta taɓa ƙasansa, kusan awa guda. Tun ranar nake tambayar kaina, uwa nawa ce da yanzu tana nan cikin 'ya'yanta da an ɗaura mata irinta? Yarinya nawa ce da ta kai gaɓa da an taɓa koya mata ta kwanta a bayanta ta daina fafutuka?

Kada kuma wata ta ɗauka ina goyon bayan duk mai ɗaukar jaka ta nufi bakin teku. Ke da kika ci bashin kuɗin jirgi, kika tayar wa maigida hankali, don kawai ki ɗora hoto a WhatsApp kishiyarki ta gani, ke ma da ke nake. Mun gan su can, a zo tsibiri a sake kaya kala uku, a yi hoto a koma jirgi, ko yatsa ba a tsoma ba, ba a san sunan wurin ba balle tarihinsa. Ke da kika bar mayafinki a filin jirgin Kano kina ganin babu mai ganinki, Allah na can ma. Irin ku ne kuka ba su Hajiya bakin magana. Tafiya mabuɗin ilimi ce ga wanda ya je da ido, wanda ya je da kyamara kaɗai hoto zai dawo da shi.

Na san kuma ba kowacce ke da halin zuwa Zanzibar ba, ni ma sai da na shekara uku ina ƙulla 'yan canjin cefane. Ba cewa na yi kowa ta je ba. Roƙona guda uku ne. Iyaye, ku bar 'ya'yanku mata su koyi iyo, da suturarsu, a hannun mata 'yan uwansu. Masu wuraren wanka na otal da makarantu, ku ware mana rana ko awanni, mata zalla, za mu biya. Ke kuma da ke hawa kwale-kwale zuwa kasuwa ko biki, kada ki ji kunyar tambayar rigar hana nutsewa, in kin ga jirgi ya cika ki sauka ki jira na gaba, gara a ce kin makara.

Ni dai tun da na dawo na nemi mai koya wa 'yata 'yar shekara 9, ni ma ina binta ina koyo, ina shan ruwa tana yi mini dariya. In an kira ni 'yar wankan teku na amsa, ya fi mini a kira ni kifin rijiya. Hajiya kuwa har gobe in na gan ta zan durƙusa na gaishe ta, addu'ar shiriya da ta yi mana na karɓa hannu biyu, ina kuma roƙon ta haɗa da jikokinta mata da ke tsallaka ruwa zuwa ƙauye duk sallah.

Allah ya tsare mu da zuri'armu a tudu da ruwa, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu da harsunanmu. Wadda na ɓata wa rai ta yafe ni.

Wassalam. Taku har kullum.