Jirgin Lolo Zuwa Gaya: A Fara Gyara Daga Bakin Tiga

Da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, gadar da ta haɗa Malanbil ta ƙasar Benin da Gaya ta Nijar (ba Gayarmu ta Kano ba) ta yi tsit. Manyan motoci suka yi layi har kaya suka ruɓe a cikinsu. Kogin Kwara kuwa ba a kai masa takardar dokar ba. Masu kwale-kwale suka karɓi aikin gada: a kwantar da babur a tsakiyar jirgi, a jera buhunan albasa a gefe, mata su zauna a kan ƙullin kayansu da goyo a baya, yaron jirgi yana kwashe ruwan da ke tsattsafowa da yankakkiyar jarka. Haka aka yi ta ƙetarewa, har bayan Nijeriya ta buɗe tata iyakar a watan Maris na 2024.

Wannan ya isa amsa ga mai tambaya ko jirgin fasinja tsakanin Nijeriya da Nijar zai samu masu shiga. Fasinja suna nan tun kafin Turawa su ja layi a taswira. Daga Lolo da Dole-Kaina a Jihar Kebbi zuwa Gaya kogi ɗaya ne, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya. A gabas ma Gwamna Babagana Zulum ya daɗe yana fafutukar sake buɗe hanyar ruwa daga Baga zuwa Chadi, wadda rikicin Boko Haram ya toshe. Abin da babu shi ne jirgi mai rajista, mai lokacin tashi, mai matuƙin da za a iya kama shi da laifi. Wannan jarida tana goyon bayan a samar da shi.

Mai karatu a Doguwa ko Kiru zai iya cewa ina ruwansa da kogin da ke can ƙarshen Kebbi. Da ruwansa. Masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada ba a nan suke ƙarewa ba, ta Dawanau suke bi su fita, kuma duk hanyar da ta rage wa falke kuɗin mota da na shingen kan titi ta ƙara wa manomi daraja a buhunsa. 'Ya'yanmu masu tafiya ci-rani da masuntan da suka koyi jefa koma a Tiga suna cikin waɗanda za su hau jiragen nan. In jirgin ya kife, nan za a kawo ta'aziyya.

A nan ne muke da magana da hukuma. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya dare a kogin Kwara kusa da Warra a Jihar Kebbi, waɗanda aka ceto da rai ashirin ne da 'yan kai. Wata shida bayan haka, ranar 30 ga Nuwamba, abin ya zo gida: jirgin da ya taso daga Badau ya nutse a madatsar Watari ta Bagwai, aka tsamo gawa aƙalla 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A Yunin 2023 Patigi ta Jihar Kwara ta binne 'yan biki fiye da 100. Dalilan ba sa canzawa: lodi ya wuce ƙima, katako ya tsufa, tafiyar dare, kututture a ƙarƙashin ruwa, babu rigar kariya. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa ba a san ma adadin waɗanda suka shiga ba, domin babu wanda ya rubuta sunansu. Sai a yi kwanaki ana ƙirga matattu da bakin iyayen da 'ya'yansu ba su dawo ba. To, a ce wannan ya faru a tsakiyar ruwan ƙasa biyu, wa zai nemi gawar wa?

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, da aka kafa a 1997 take zaune a Lokoja, tana da dokoki a rubuce: ba tafiyar dare, ba lodin wuce ƙa'ida, kowa da rigarsa. A bakin ruwa ne ba a ganinsu. Madatsar Tiga ta haura shekara hamsin da kammalawa, tun zamanin Audu Bako, kuma tana nan a ƙarƙashin hancinmu. Duk mai shakka ya je mashigarta da sassafe ranar kasuwa, ya ƙirga fasinja, ya ƙirga riguna. Gwamnatin da ba ta iya tsare ƙetaren Tiga ba, da wuya mu yarda za ta tsare na Gaya.

Muna kuma tsoron bikin yanke ƙyalle. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Baro a Jihar Neja, aka yi jawabai, aka watse, tashar ta zauna jiran jirage. Kogi ba titi ba ne. A ƙarshen rani ruwan Kwara yakan janye, yashi ya fito, kainuwa ta shaƙe hanya. Jirgin da zai yi aiki a nan marar zurfin gindi ne, wanda makanikin Yawuri zai iya kwance injinsa ya mayar, ba ƙaton abin nuna wa baƙi ba. Kuma in aka ture sarakunan ruwa da masu kwale-kwale gefe, an rasa mutanen da suka san inda kowane dutse yake kwance. A ba su horo da bashin jirage masu ƙwari, a tilasta musu bin ƙa'ida. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Saura siyasa. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka duk wata hanyar ruwa sai da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa: wace takarda fasinja zai nuna, jami'in wa zai bincika kaya, wa ke da alhakin ceto. Wurin zaman yana nan. Hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar tana Yamai tun 1971, hukumar kula da kogin Kwara ma can take. Ƙasashen da ke shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ba za su rasa yadda za su daidaita a kan jirgin ruwa ba.

Kafin Abuja da Yamai su zauna, akwai abin da ke hannunmu. Muna kira ga gwamnatin Kano da shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa da su sa littafin rubuta sunan fasinja, da rigunan kariya, da jami'i mai ikon cewa "jirgi ya cika" a kowace mashiga, kafin damina mai zuwa ta sauka.