Ƙwayar Bitamin da Ƙurar Dareta

Akwai wani ra'ayi da ya sami gindin zama a zukatan masu ilmin zamani na ƙasarmu, har ya kai munzalin da ba a tambayar hujjarsa, wato cewa talaka yana ciwo ne domin bai sani ba, kuma iyakar abin da ya wajaba a kan hukuma shi ne ta sanar da shi, ko ta rediyo ko ta bakin mai shela, sa'an nan ta koma ofis tana ganin ta sauke nauyi. Sunan wannan aiki a wurinsu wayar da kai. Ƙaramin ɗan da ra'ayin ya haifa, tun shekarar 2020 da annobar korona ta girgiza duniya, shi ne ƙwayar bitamin D, wadda ake tallarta a kemis da wayoyin hannu a matsayin garkuwar jiki, har wasu masu faɗa a ji suna ganin ya kamata gwamnati ta riƙa horon kowa da kowa da shanta kamar yadda ake yi a Turai. Ni kuwa ina ganin, idan aka auna wannan magana da ma'aunin abin da ya sami ƙauyen Dareta da maƙwabtansa a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, za a tarar ba ta da nauyin ko ƙwayar gero, bal ma tana ba mahukunta mafakar da ba su cancanta ba.

Shi dai bitamin D, fatar ɗan Adam ce take ƙera mafi yawansa idan rana ta taɓa ta, hanta da ƙoda su gyara shi, shi kuma ya buɗe wa sinadarin kalsiyam ƙofa a cikin hanji domin ya shiga jini ya gina ƙashi. Da hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci jama'arta a 2016 da su riƙa shan maikirogiram 10 kullum a lokacin kaka da hunturu, tana da dalili bayyananne, domin daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasarsu ba ta da ƙarfin da za ta sa fata ta yi wannan aiki. Malaman usulu sun sharɗanta cewa ƙiyasi ba ya inganta sai illar hukunci ta haɗa asali da reshe. To, wace illa ce ta haɗa mutumin Landan da ke fita ofis cikin duhu ya komo cikin duhu, da yaron Dareta da ke yini a tsakar gida, rana na dukansa tun hantsi har la'asar sakaliya? Wannan taƙalidi ne tsagwaronsa, kuma taƙalidin da su waɗanda ake kwaikwayo sun fara ja da baya daga gare shi. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka mai suna VITAL, wanda ya haɗa mutane fiye da 25,000, ya nuna a 2018 cewa shan ƙwayar kullum bai rage kamuwa da ciwon daji ko ciwon zuciya ba, a 2022 kuma aka ƙara da cewa bai rage karayar ƙashi ba ga masu lafiya.

Wani zai ce, ai muna ganin yara masu gwame da lanƙwasasshen ƙafa a ƙauyukanmu, kuma littattafan likitanci sun ce rashin bitamin D ke kawo laushin ƙashi. Gaskiya ne muna ganinsu. Amma amsar wannan mas'ala tana nan kusa da mu, a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, inda Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka raba yara 123 masu wannan larura gida uku, wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyu, suka buga sakamakon a 1999. Waɗanda suka sami kalsiyam, ko da bitamin ko babu, su ne suka fi warkewa. Waɗanda aka ba bitamin D kaɗai su ne a baya. Abincin yaran nan, da aka ƙididdige, kalsiyam ɗin da ke cikinsa bai wuce kamar miligiram 200 a rana ba, domin tuwon masara ne da kunu, ba nono. Daga baya ma masu binciken suka gwada garin busasshen kifi da ƙashinsa, da garin dutsen farar ƙasa, suka ga suna warkar da ƙashin. Ashe ƙofar a buɗe take, baƙon ne bai zo ba.

Ba na musun cewa akwai waɗanda ƙwayar take yi wa amfani: jaririn da ba a fita da shi, matar da ciki da shayarwa suka tsare a ɗaki, tsohon da ciwo ya kwantar. Irin waɗannan likita ne zai duba su ɗaya-ɗaya ya rubuta musu. Wannan daban, mai da ita fatawa ga al'umma duka daban.

Yanzu sai mu koma Dareta. A farkon 2010, lokacin da farashin zinariya ya haura dala dubu a kan oza guda a kasuwar duniya, mutanen wannan yanki, waɗanda noma bai taɓa fitar da su daga talauci ba, suka duƙufa ga haƙar duwatsu, suna kawo su gida a buhuna, a farfasa da guduma, a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, wasu matan ma su daka a turmin da suke dakan fura, a wanke garin a bakin rijiya da kududdufi, a kama zinariyar da zaiba. Abin da babu wanda ya sani shi ne jijiyar dutsen da suka faɗa wa tana cike da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, a kan tabarma da ƙwarya da hatsin da aka shanya, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki da hannuwansu. Agwagi suka fara ƙarewa, ba a kula ba. Sa'an nan yara suka shiga amai da jijjiga, suna sanƙarewa, ana cewa zazzaɓi ne ko sanƙarau ko iska, ana kai su makwanci. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke zagayen sa ido a kan sanƙarau, su ne suka lura a watan Maris cewa maganin zazzaɓi ba ya tasiri a kansu, kuma jinin da aka aika waje ya tona asirin gubar.

Da masana daga hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu a watan Mayu, suka tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato kusan ɗaya bisa huɗu. Cikin waɗanda aka auna jininsu kuwa, kashi 97 cikin ɗari dalmarsu ta kai haddin da ake buƙatar magani na gaggawa. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ƙa'idar Amurka a lokacin ga wurin wasan yara 400 ce. Jimlar waɗanda suka rasu a Zamfara ta haura yara 400. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Waɗanda suka rayu kuwa, da yawansu gubar ta taɓa ƙwaƙwalwa, taɓawar da ba ta da magani, har da waɗanda suka makance ko suka shanye.

A nan ne maganar bitamin da maganar dalma suke haɗuwa, kuma haɗuwar ba ta yi wa masu tallar ƙwaya daɗi. Jikin mutum ba ya rarrabe dalma da kalsiyam sosai. Ta hanyar da ɗaya ke shiga hanji, ta nan ɗayar ke bi, ta je ta kwanta a ƙashi shekara da shekaru, har ta fito lokacin da mace ta sami ciki ta ratsa zuwa ga ɗan tayi. Ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa, wanda kuma ke da ƙarancin kalsiyam da sinadarin ƙarfe, ko cikinsa babu abinci, ya fi kowa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna cewa bitamin D, da yake aikinsa buɗe wannan ƙofa ne, yana iya ƙara yawan dalmar da ke shiga. Ban ce ƙwayar tana kisa ba. Abin da na ce shi ne, wanda zai yi horo da ita ga yaran da ke rarrafe a kan gurɓatacciyar ƙasa, ba tare da ya auna ƙasar ba, ba tare da ya tambayi abin da suke ci ba, ya yi fatawa ba da ilmi ba.

Babban darasin ma yana cikin yadda aka yi maganin. Akwai ƙwayar da ke kama dalma ta fitar da ita ta fitsari, ana kiranta DMSA, kuma MSF ta buɗe wuraren ba da ita a Anka da Bukkuyum. Amma likitocin suka kafa sharaɗi cewa, in ban da wanda rai ke hannun Allah, ba za a ɗora yaro a kan maganin ba sai an tsabtace garinsu, domin wanda aka wanke wa jini ya koma cikin ƙurar, aikin banza aka yi. Saboda haka sai da aka ɗauki magirbi da shebur da baro, ƙarƙashin jagorancin kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith tare da ma'aikatan jiha da samarin gari, aka kankare saman ƙasar kowane gida, aka kai rami aka binne, aka zubo sabuwa. Da Dareta da 'Yargalma aka fara a tsakiyar 2010, ana tsere da damina, sa'an nan Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru suka biyo. Ga likitoci riƙe da ƙwaya ta gaskiya, mai ceton rai, su da kansu suna shaida cewa ba ta wadatar sai an yi aikin da mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba. Ina ga ƙwayar da ba a ma tabbatar ana buƙatarta ba?

Nasiha kam an yi ta, kuma ba ta da laifi: a wanke wa yara hannu, a daina kawo dutse gida, a canja tufafi kafin a shiga. Sarakuna da limamai sun taimaka, mutane da yawa sun ji. Sai dai nasiha ba ta da tsada, shi ya sa hukuma take sonta. Da aka zo kan abin da ke cin kuɗi, sai Bagega, wadda ta fi sauran girma da gurɓata, ta zauna jira, yara wajen 1,500 suna buƙatar magani ba halin a ba su. A watan Mayun 2012 aka yi taro a Abuja a kan lamarin, ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba. Naira miliyan 850 da aka yi alkawari ba su fito ba sai farkon 2013, bayan ƙungiyar Human Rights Watch da matasan Follow the Money sun cika duniya da kuka. A 2015 kuma irin wannan musiba ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Wa zai ce a lokacin ba a sani ba? Jahilcin talaka ba shi ne ya jinkirta kuɗin Bagega ba.

Haka nan maganar abinci. Mai wayar da kai zai tsaya a gaban mata ya ce a ba yara nono da kifi da ƙwai, kamar wanda ke koya wa Bazamfara amfanin fura da nono. Ƙasar nan ƙasar shanu ce tun kaka da kakanni. Ɓarayin daji ne suka kore garkunan, suka tashi rugage, suka hana noma, suka sa wa ƙauyuka haraji, har ƙwaryar nono ta zama abin marmari. Miyar kuka da zogale da riɗi suna da nasu rabon kalsiyam, uwaye kuma sun san su, amma wadda ke gudun hijira a Anka ba ta da bishiyar da za ta tsinka. Tsaron hanya da gona da ruga, a wannan yanki, shi ne babin farko na littafin kiwon lafiya, kuma ba ya cikin abin da kemis ke sayarwa.

Magabatanmu ba su jahilci wannan rabe-rabe ba. Sun bambanta farilla ta aini, wadda ke kan kowane mutum, da farilla ta kifaya, wadda ke kan jama'a kuma shugaba ne jigonta. Sun kafa hisba domin duba mudu da sikeli da abin da ake sayar wa mutane. Kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a da maslahar rayuwar talakawa cikin wajiban mai mulki. Ƙa'idar fiƙihu kuma sananniya ce, cewa tunkuɗe ɓarna ake gabatarwa a kan jawo amfani. Ko a zamaninmu muna da misali mai kyau: tun 1993 da aka wajabta sa aidin a gishiri, maƙoƙo ya ragu ƙwarai a ƙasar nan, ba domin an yi wa kowace uwargida lacca ba, sai domin an tsare masana'anta da tashar jiragen ruwa.

Hani kawai shi ma wani nau'in nasiha ne, mai ɗauke da bulala. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, haƙar ba ta tsaya ba, ta koma ɓoye ne, inda ba mai duba ta sai mai bindiga. Wanda kuwa ke tsoron a kama shi a fili, cikin gida zai mai da dutsensa, kusa da 'ya'yansa. MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin jiha a 2022, gwamnatin tarayya ta ɗage hanin a watan Disamban 2024, a lokacin da farashin zinariya ya ninka na 2010 fiye da sau biyu. Injinan niƙa za su yi ta ƙaruwa ke nan. Abin da ya rage ga hukuma shi ne ta keɓe wurin sarrafa dutse nesa da gidaje da rijiyoyi, ta samar da injin da ke niƙa da ruwa domin ƙura ta kwanta, ta ajiye na'urar auna jini da maganin DMSA a asibitocin Anka da Bukkuyum da Gummi tare da ma'aikacin da ake biyansa albashi a kan kari, ta riƙa auna ƙasar gidajen da aka kankare a 2010 domin a ga ko dalma ta dawo, kuma kada ta sa hannu a lasisin kowane kamfani sai an rubuta waɗannan sharuɗɗa a ciki, da sunan wanda za a tuhuma idan aka saɓa.